Baƙar Leda a Kan Katangarmu

Layin Rijiya, bayan Titin Bauchi, Jos
Ran Talata

Anti Safara'u,

Wata bakwai ke nan ina son wani yaro, ban taɓa faɗa wa kowa ba, har shi kansa. To, na rubuta. Kuma ba zan goge ba.

Ki yafe ni, na sako abin kunya kafin gaisuwa. Assalamu alaikum. Ya aikin asibiti, ya zafin Azare? Mama lafiya, sai ƙafar nan tata in an yi sanyi. Baba yana nan da ɗinkinsa, Yaya Salim ma lafiya. Na san za ki yi mamaki, ke 'yar kawun Mama ce, sau uku kacal muka taɓa haɗuwa. Amma ke kika fara ba ni littafin soyayya a bikin nan na Toro, kika ce in tura cikin hijabi. Don haka ke za ki saurare ni. Waya ba za ta yiwu ba, guda ɗaya ce ta Mama, kuma Yaya Salim bincike yake yi.

Sunansa Natana'el. Ɗan Mama Chundung ne, maƙwabciyarmu ta bayan katanga, wadda duk Kirsimeti take kawo wa Baba kazarta ya yanka don mu ma mu ci. Yana aiki a rumfar tsofaffin littattafai ta Oga Nnadozie a kasuwar Taminus, yana jiran jami'a ta ɗauke shi. Da Baba ya hana ni karatun labarai sai na gama jarrabawa, ƙanwar Natana'el ta faɗa masa, shi ne ya samo dabara. Duk Asabar da dare, in an ɗauke wuta, sai ya hau bulo ta lungun bayanmu, ya sa littattafai a baƙar leda, ya ɗaura da tsohuwar wayar rediyo, ya zuro min ta saman katanga. Yana ɗaura wata 'yar tocila mai jar wuta a jiki don in gani a duhu. Ni kuma in ɗaura wanda na gama, in ja sau biyu. Shi ke nan fa, Anti. Bayan "ina wuni" ba mu taɓa magana ba. Sauran duk a kaina nake tsara shi, har sunayen yara na zaɓa.

Asabar da ta wuce, wajen sha ɗaya, ina tsaye a gindin katanga kusa da duron ruwa, jar wutar na saukowa, na miƙa hannu. Karnuka suka fara, duk na unguwa a lokaci ɗaya. Sai wani rugugi ya taso daga ƙarƙashin ƙafata, kamar tifa na juye duwatsu a cikin cikin ƙasa. Ƙasa ta ture ni, Anti. Wallahi ture ni ta yi, na faɗi da gwiwa. Ruwa ya yi tsalle daga duro ya jiƙa ni. Kwanon rufi na ta ƙara, tangaran ɗin auren Mama na zubowa daga kabet ɗaya bayan ɗaya, gilashin tagarmu ya fashe. Katangar ta tsage tun daga ƙasa, samanta ya zube, ƙura ta cika min baki.

Na ji Mama na salati. Na ji Baba na ihu, "Bam ne! An fara! Ku fito!" Kin san mu a Jos, kowane gida da jakar takardu a bayan ƙofa. Mama ta fito da ita, ba ɗankwali ba takalmi. Ƙararrawar coci da lasifikar masallaci suka tashi tare, kowa na kiran nasa. Ba wanda ya ce girgizar ƙasa, wa ya taɓa ganinta? Sai da safe rediyo ya faɗa, tsofaffi kuma suka ce ramukan kuza ne na dā suka rufta a ƙarƙashinmu.

Natana'el ya ji ciwo sosai a wajen katangar. Yana asibiti. Ledar tana wurina ƙarƙashin katifa, ban buɗe ba, na dai ji akwai takarda a ciki. Ba zan iya rubuta sauran ba yau. Malam Bala direba ya kusa tashi, shi zai kawo miki. Ki ba shi amsa a rufe.

'Yarki,
Salma

*

Azare
Ran Asabar

Salma 'yata,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi da Allah Ya tsare ku. Mun ji labarin girgizar a nan, na kira Mamanki ta ce tangaran kawai ta rasa, tana kuka kamar mutum ya mutu. Ki gaishe ta, ki ce ta riƙa gasa ƙafar da ruwan ɗumi. Ni lafiya lau, sai aikin dare da ya hana ni amsa da wuri.

Wato ni ce mai laifi? Na ba ki littafi ɗaya, ke kuma kika buɗe shago a bayan duro! Na yi dariya har abokiyar aikina ta tambaye ni. Sunayen yara kuma? Salma, ke da ko gaisuwa sai kin kalli ƙasa.

Yanzu ki saurara. Yaron da katanga ta faɗo wa, kada ki ɗora wa kanki. Ba ke kika girgiza ƙasa ba. Ina ganin irinsu kullum, ƙashin matashi sati shida ya haɗe. Ki yi masa addu'a a zuciyarki, ya isa.

Amma ledar nan, ki ƙona ta. Littattafan, takardar, wayar, komai. Kada ma ki karanta, don na san ki, layi ɗaya zai hana ki barci shekara. A Jos kike zaune, ba a cikin littafi ba. Yarinya 'yar gidan Malam tela da ɗan coci, da dare, a kan katanga, ko ba ku yi komai ba bakin mutane zai yi muku. Abin da kike ji ba laifi ba ne, ni ma na taɓa, kuma ya wuce kamar zazzaɓi. Ki sa wuta, ki kama karatunki.

Antinki,
Safara'u

*

Jos
Ran Litinin

Anti,

Gaisuwa mai yawa. Kowa lafiya a gida, in wannan ne lafiya. Ni dai ba na cin abinci, Mama ta ɗauka tsoron girgiza ne.

Ba katanga ce ta faɗo masa ba. Laifina ne, na rubuta rabi na gudu. Ga sauran.

Da saman katangar ya zube, shi ya faɗa ta waje, cikin lungu, da ƙarshen wayar a naɗe a hannunsa. Ledar ta maƙale a kan fasasshen bulo tana lilo, jar wutar na ƙyafta ido. Ni ina durƙushe ta ciki, ina kallo ta tsagar. Samarin layinmu suka shigo lungun da gudu, wasu ko riga babu, da adda, da gora, da katako mai ƙusa. Wani ya haska tocila. Baƙar leda, waya, jar wuta, da yaron coci a bayan gidan Musulmi, minti biyu bayan ƙarar da kowa ya ɗauka bam ce. Ki faɗa min me za su gani.

"Ga shi nan! Wayar na hannunsa! Akwai na biyu!"

Ya ɗaga hannu yana cewa, "Littafi ne, littafi ne!" Gora ta sauka a bakinsa, na ji ƙarar haƙori. Ya faɗi, ya tashi da rarrafe, suka tattake shi. Wani ya sare shi a kafaɗa, rigarsa ta rabe, jinin ya fantsamo har kan bulon da ke gabana. Sai Yaya Salim ya shigo da taɓaryar Mama. Anti, tare suka yi ƙwallo tun suna firamare. Natana'el ya gan shi ya ce, "Salim, ni ne fa, Nata ne!" Yaya ya ce, "Na san kai ne, shi ya sa ka san inda muke kwana." Ya take masa hannun da wayar ke ciki a kan bulo, ya sauke taɓaryar. Sau uku. Irin ƙarar da kike ji in ana daka ƙashin miya. Har yanzu in Mama na daka sai in shiga banɗaki in toshe kunne.

Ga abin da na yi. Kowa na tsoron matsawa kusa da ledar. Ni kuwa abu ɗaya ne a kaina: in suka buɗe, za su ga takarda da sunana. Sai na zura hannu na fizge ta har da guntun wayar, na tura cikin zanina. Jar wutar ta ɓace a idonsu. Wani ya yi ihu, "Sun janye! Ba shi kaɗai ba ne!" Dukan ya ƙaru. Da na bar ta a wurin, da wani ya tsokane ta da sanda ya ga littafi. Ni na ɗauke masa shaidarsa.

Ya juyo da kansa, ido ɗaya a rufe da jini, ya gan ni ta tsagar. Na tabbata ya gan ni. Bai kira sunana ba.

Suka kawo taya da jarkar fetur. Mama Chundung ta fito da zani ɗaya, ta faɗa kansa ta rufe shi da jikinta, gora na sauka a bayanta tana cewa, "Ku ƙona ni tare! Maman Salim, ki fito ki ga yaranki!" Baba ne ya ratso, ya riƙe jarkar da hannu biyu, ya ce duk wanda ya kunna ashana da shi zai fara. Suna ta kokawa fetur na zuba a jallabiyarsa, har motar sojoji ta iso aka yi harbi sama.

Yanzu Natana'el yana gadon asibiti da ankwa a ƙafa. An cire masa yatsu biyu na dama. An yarda girgizar ƙasa ce, amma 'yan sanda sun ce mutum fiye da goma sun ga leda mai waya da wuta, ina take, wa ya ɗauka, me yake yi a katangar mutane da dare? Ya ce littafi ne. Aka ce na wa? Ya yi shiru. Kwana tara ke nan yana shiru. 'Yan layinmu sun ce gwamnati ce ke ɓoye gaskiya. Samarin tsallaken titi, 'yan cocinsu, sun ce in ba a sake shi ba za su zo su ƙona layin. An sa dokar hana fita daga shida. Litinin mai zuwa za a kai shi kotu, ƙanwarsa ta ce lauya ya ce irin wannan tuhuma ba a ba da beli.

In na fito da ledar, sunana ya shiga bakin gari, Baba ba zai iya zama a shagonsa ba, kuma tunda ba bam, abin da Yaya ya yi ya zama laifi tsagwaronsa, za su zo su tafi da shi. In na ƙona kamar yadda kika ce, ba wanda zai taɓa sani. Yanzu da kika ji duka, in ƙona ɗin? In ban ji daga gare ki ba zuwa Juma'a, zan ɗauka maganarki ta farko tana nan.

Salma

*

Azare
Ran Laraba

Salma,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina fata kuna lafiya. Ni tunda Malam Bala ya miƙo min takardarki ban zauna ba.

Kada ki ƙona. Kin ji? KADA KI ƘONA. Na karanta "ya ji ciwo a wajen katanga" sai na cike sauran da kaina, na ba ki muguwar shawara ina dariya. Allah Ya yafe min. Na kira wayar Mamanki sau biyu, Salim ne ya ɗauka, na gaishe shi na kashe. Muryarsa kamar ta tsoho.

Ba zan yi miki ƙarya ba. Duk abin da kika lissafa zai iya faruwa. Za a yi da ke. Wasu ƙawayenki iyayensu za su hana su zuwa gidanku. Salim zai iya kwana a caji ofis, wataƙila ya daɗe. Mamanki za ta iya yin wata ba ta kalle ki ba. Amma na yi jinyar mutanen da aka ɗaure a gado, na san yadda ƙafa ke kumbura a cikin ƙarfe. Yaron nan yana riƙe da sunanki da haƙoran da suka rage masa.

Shekarunki sha shida, ba na so ki tsaya gaban Babanki ke kaɗai. Na roƙi hutu, sun ce sai Talata. Ki ɓoye ledar da kyau ki jira ni, in zo mu yi maganar tare. Ko an kai shi kotu Litinin, za mu bi daga baya.

Antinki

*

Jos
Lahadi da yamma

Anti Safara'u,

Gaisuwa da fatan alheri. Mama lafiya, Baba lafiya. Yaya yana nan.

Takardarki yau ta iso. An tsare motoci a hanya saboda dokar, Malam Bala kwana uku ya yi a Bauchi. Ni kuwa Juma'a ta zo ban ji komai ba, sai na ce to Anti ta tsaya a kan maganarta.

Da maza suka tafi masallaci, Mama na wanka, na zauna gaban murhu na buɗe ledar. Littafi uku ne. Na jefa na farko, ya kama. Na jefa na biyu. Kin san abin da na ji? Sauƙi, Anti. Wani irin sanyi a ƙirjina, har na ji kunyar kaina. Na ɗauki na uku, gefensa ya fara cin wuta, sai takardu suka zamo daga ciki suka faɗa kan ƙafata. Na fizgo littafin na take wutar.

Kin ce kada in karanta. Na karanta. Wata bakwai ina tsara wannan wasiƙar a kaina, na san yadda za ta fara, da taurari da bugun zuciya. Ga abin da ke ciki, da kwanan watan ranar a sama:

"Salma, ga kashi na uku, shi ne na ƙarshe. Shafi huɗu na baya sun yage, Oga ya ce in zubar, na ce akwai mai jira. Na ari na wani kwastoma na kwafe miki. Ki yi haƙuri da rubutuna da Hausata. Bayan wannan ba ƙari sai kin gama jarrabawa, don in Baba ya kama mu ni zai fara ɗinke wa baki. Ki yi karatu. Ɗan'uwanki, Nata."

Ɗan'uwanki. Ko kalma ɗaya ta so babu. Na yi dariya ni kaɗai gaban murhu, sai dariyar ta juye. Don ga shafi huɗun nan, gaba da baya, da biro shuɗi, ƙananan haruffa a jere, ya ja layi da rula don kada su karkace. Inda ya yi kuskure ya goge ya sake. Ban karanta ƙarshen labarin ba har yanzu, ban san ko sun yi aure ba. Rubutun kawai nake kallo. Da hannun dama ya yi shi.

Jiya Mama Chundung ta shigo gidanmu, bayanta a ɗaure da bandeji. Ba ta yi faɗa ba. Ta durƙusa a tsakar gida ta ce da 'yar Hausarta, "Maman Salim, ni ba na neman yaronki. Yatsa ya tafi ya tafi. Kawai wanda ta ɗauki leda, ya kawo. Yaro na ba ya sani komai sai littafi." Mama ta kama ta tana kuka tana cewa, "Maman Nata, wallahi da na sani da na faɗa miki." Ni ce na kawo mata ruwa. Ta karɓa ta ce, "Sannu 'yata, kin rame."

Yaya yana ɗaki yana ji. Tun ranar ba ya fita majalisa, kuma shi ya ɗauke taɓaryar ya jefa a tsohuwar rijiya, Mama sai aro take. Da matar ta tafi ya same ni a kicin ya ce, "Ke, ran Juma'a me kika ƙona, toka duk takarda?" Na ce tsohon littafin lissafi. Ya daɗe yana kallona. Sai ya ce, "Salma, na ga wayar da idona. Na ga wutar. Bam ne ko?" Ba tambayata yake ba, roƙona yake in ce e. Na sunkuyar da kai kamar yadda na saba.

Kin ce in jira ki zuwa Talata. Na gode, kuma don Allah ki zo, zan buƙace ki. Amma gobe da safe za su sa Natana'el a mota da ankwa, kuma samarin tsallake sun ce ranar kotu ita ce ranar. Ɗazu na ga 'yan layinmu na tara duwatsu a bakin lungu. Natana'el ya yi kwana goma sha biyar yana shiru saboda ni. Ba zan ƙara masa biyu ba.

Na haɗa komai a ledar: wayar, tocilar, littafin mai ƙonannen gefe, shafi huɗun, da wasiƙar. Na yi tunanin yage wurin sunana, sai na ga in babu sunan ba ta da amfani. Baba zan ba. Shi ya riƙe jarkar fetur ranar, shi ya san hanyar caji ofis, kuma gara ya ji daga bakina kafin ya ji a Taminus. Ban san ko zai mare ni ba. Ban san da wane ido zan kalli Yaya ba. Na gwada maganar sau biyar gaban madubi, ko sau ɗaya ban kai ƙarshe ba, don haka ba zan ce komai ba, miƙa masa kawai zan yi.

Tun da aka sa dokar a zaure Baba yake ɗinki. Ina jin ƙarar kekensa daga nan. Na ce wa kaina in ya tsaya canja zare, zan tashi.

Ya tsaya, Anti.

Salma